Kore ko Ja

Can a Wales, inda ruwan sama ba ya gajiya,
cikin wata rumfar kwano a gindin dutsen allo,
wani ɗan kan jirgi na kwance, tukunyarsa ta huce,
shekara sittin rabonsa da tururi.
Dogonsa siriri, taku biyu tsakanin ƙarfe da ƙarfe,
ko ɗan rago ya tsallake shi.

Iorwerth ya ce kore ne.
Kore shar, irin na ciyawar da tumaki ba su kai gare ta ba,
da siririn zanen rawaya a gefen tanki.
"Ina ɗan shekara bakwai nake ganinsa,
kullum da safe yana tari yana hawan tudu."

Cledwyn ya dire kofin shayi.
"Ja ne. Ja mai duhu kamar hanta.
Ni ma da idona aka haife ni."

Aka ɗauko hoto, baƙi da fari,
ya yi gum kamar shaidan da aka saye.
Aka ɗauko littafin kamfani,
magatakarda ya rubuta: fenti, gwangwani huɗu.
Sauran zancen ya tafi da shi kabari.

Sai reza.
Cledwyn ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya kankare wuri kamar faɗin farce.
Baƙi ya fito, na shekarun yaƙi,
ƙarƙashinsa toka-toka, ƙarƙashin toka, ja.
Bai ce uffan ba, girarsa ta yi masa magana.
Iorwerth ya zagaya ɗaya gefen da wuƙar aljihu:
baƙi, toka, can sai kore ya leƙo
kamar tsiro bayan ruwan fari.

Gani ya kori ji, in ji mutane.
Ran nan gani biyu suka tsaya suna hararar juna.

Myfanwy, mai share rumfar duk Laraba,
ta jingine tsintsiya.
"Babana ne ya riƙe buroshin.
An ce manyan kamfani na tafe duba layi,
koren ya ƙare kafin ya zagayo.
Ya shafe gefen da ke kallon tasha,
ɗayan ya bar wa tsauni da jansa na da.
Jirgin nan bai taɓa juyawa ba,
da gaba yake hawa, da baya yake sauka.
Kai, Iorwerth, gidanku na ƙasan layi.
Kai kuwa a saman layi ka yi kiwo.
Ni da na wanke rigunan tsohon,
launin da na sani shi ne baƙin gawayi."

Ruwa na ta dukan kwano.

Cledwyn ya goge reza a wando.
"Ashe ja ne na asali."
"Kore ne na ƙarshe," in ji Iorwerth,
"kuma magana ta ƙarshe ita ce magana."

Shayi ya huce.
Gwangwani biyu na kan benci tun bara,
har yau ba a buɗe ko ɗaya ba.