Mai Ɗinkin Littafi a Nima

Shekara bakwai yana kawo mini takardu a jakar leda,
Diren, akawun shagon atamfa a Makola,
siririn tsoho, yatsu duk tawada.
Ni nawa zare ne da allura da danƙo.
Haruffansa a rataye suke jikin layi
kamar wanki a igiya,
ko ɗaya ban taɓa karantawa ba.

Ya ce na farkon labarin mai kwalekwale ne,
yana ɗan sha tara ya rubuta shi a Asam,
ambaliya ta ci rabi, ya sake zubo shi daga ka.
Na biyu ya jawo masa zagi a jarida.
Na uku ba wanda ya taya
sai ƙanwarsa, ta ɗauki goma.

Daga nan sai waƙa. Da asuba yake yi,
kafin motocin Kaneshi su fara ihu.
Ranar da kwatar Nima ta tumbatsa ta shigo shago
na tarar da shi tsaye, wando a naɗe, yana dariya:
"Lawandi, kogin garinmu ya biyo sawuna!"

Na ce, wa zai karanta maka a Ankara?
Ya kurɓi koko, ya goge gashin baki,
ya ce kaza ba ta tambayar kasuwa kafin ta saka ƙwai.

Jiya ɗansa ya zo kwashe kaya.
Na ƙarshen yana hannuna,
shafi arba'in, sauran fari fat.
Na ɗinke har da fararen.
Kuɗin zaren, na yafe.