Labulen Shagona

A shagona, bayan tashar jiragen ruwa ta Yelwa,
akwai labulen da na sayo a Anacha
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Tsibiri ne a jikinsa:
dutse mai aman wuta, baƙi kamar gindin tukunya,
hayaƙinsa na tashi, bai taɓa isa rufin kwano ba,
bishiyoyin kwakwa sun rusuna kamar masu gaida suruki,
ruwan kuwa shuɗi ne shar,
irin wanda ko marina ba ta san sirrinsa ba.

Ban san sunan ƙasar ba.
Wanda ya sayar mini ma kafaɗa ya ɗaga.
Amma rabin Yawuri sun je can shan iska
a kan naira ɗari biyar.

Direban tifa ya je, ƙafa ɗaya bisa kujerar roba.
'Yan makarantar ungozoma sun je su bakwai, suna ture juna.
Dillalin albasa ya ce in dakata ya aro tabarau.
Ni dai maganata ɗaya:
matsa hagu, kada ka tare dutsen.
Ɓera ya ci gefen teku, na liƙe da salatif,
ba wanda ya lura.

Ran wata Laraba da hantsi Inna Tabawa ta shigo,
ƙanshin bandar kifi na biye da zanenta,
jikanta Nomau na riƙe da sandarta.
Ta daɗe tana kallon labulen.
Ta ce, wannan gungu ina masu shi?
Ba kwalekwale a gaɓa, ba taru a shanye,
ba hayaƙin tuwo sai na dutse.
Su ma an tashe su ke nan.
Sai ta juyo: ni ma ina da gungu.
Ɗauko abin aikinka.

Muka bi ruwa har gari ya koma zare.
Tana duban tudu a gabas, tana duban wata kuka a yamma,
tana auna su da yatsa kamar mai awon gero.
Can ta ce Nomau ya kashe inji.
Shiru ya zauna a jirgin tare da mu.

Ta ce, nan ne.
Ƙarƙashinka akwai rumbun babana,
da tsamiyar da muke ɗaure akuya,
da dutsen niƙan da ya fi ƙarfin ɗauka
shekarar da aka tare kogi, ruwa ya hau bai sauka ba.
Ɗan farina ma yana nan, kwanansa tara.
Ɗauka.

Na ce, Inna, ba abin da zai fito sai ruwa.
Ta ce, kai da kake kai mutane inda ba su taɓa zuwa ba,
ka kasa kai ni inda aka binne cibiyata?

Na gyara zama. Jirgi na rawa.
Ruwan launin kunun tsamiya ne,
kainuwa na wucewa ba sallama,
balbela ɗaya ta ratsa ta bayan kanta.
Ta ɗaure ɗankwali, ba ta yi murmushi ba,
ta sa tafin hannu bisa ruwa
yadda ake taɓa goshin yaro mai zazzaɓi.
Na danna sau uku. Na biyun ne ya fito.

Biyu na wanke. Ta biya na ɗaya da busasshen ragon ruwa.
Ɗayan na kafa da ƙusa kusa da labule.
Masu zuwa kan tambaya, nan kuma ina ne?
In ce tsibiri ne.
Su ce ina tsibirin?
In ce duba inda hannunta yake.

Sukan duba, su yi shiru kaɗan,
sannan su koma gaban dutsen mai hayaƙi, su gyara hula.
Ban ga laifinsu ba.
Nakan ce, matsa hagu.