Layi Uku-Uku

Jikana Sabi'u ne ya ja ni.
Ya ce ana nunin zane a gidan al'adu,
ba a biyan ko dala.
Na ce tun da kyauta ne, mu tafi,
ko sanyin na'ura na sha.

Daga ƙofa akwai raƙumin ƙarfe,
da sarƙar kabu-kabu aka yi wuyansa,
idonsa murfin kwalba.
Gaba kaɗan an rataye faifai talatin a bango,
ba tuwo, ba ƙwarya,
sun jeru kamar baƙi a gidan suna.
Wani yaro ya zana Gulbi da shuɗi.
Tun da nake ban taɓa ganin Gulbi shuɗi ba,
amma na kama bakina, fentinsa ne.

Ɗakin ƙarshe na gine-gine ne.
Gidajen kwali bisa tebur,
ko ƙadangare ba ya samun wurin juyawa.
Can cikin lungu, ƙarƙashin fitila,
an tsayar da guntun bango bisa ƙafar ƙarfe.

Daga nesa na gane shi,
kamar yadda kake gane tafiyar ɗanka cikin kasuwa.
Zauren Alhaji Jadi ne, mai sayen gyaɗa, a Bagalam.
Jakuna suka kawo ƙasar,
kwana uku muka jiƙa makuba,
ladana buhun hatsi da riga ɗaya.
Bara aka rushe shi,
yanzu wayoyi ake sayarwa a wurin.

Wani saurayi mai takarda yana bayani:
"Ku duba shafen da kyau,
ko'ina layi uku-uku ne.
Haihuwa, aure, mutuwa.
Magabata ba su zane a banza."
Jama'a suka gyaɗa kai,
wata ma ta rubuta.
Na ce Sabi'u ya karanta mini ƴar takardar gefe.
Ya haɗa faransancinsa ya ce:
"Ba a san mai aikin ba."

Na cusa hannun dama cikin aljihu.
Ƙaramin yatsan, azara ta tafi da shi
ina ɗan shekara goma sha tara.
Kowane magini layi huɗu yake ja,
ni abin da ya rage mini na ja.

Da suka wuce na matsa.
Hannun da kansa ya fito.
"Baba, ba a taɓawa!"
in ji mai gadi, ɗan cikina.
Hannun ya tsaya a iska,
tsakaninsa da aikinsa bai kai taƙi ba.

Ashe wata tana bayana,
Barira, mai karatun gini,
ita ta tsamo guntun daga bakin katafila.
Ta dubi hannun, ta dubi bangon,
ta sake duban hannun.
Ba ta yi ihu ba.
Ta ciro takardar, ta cire murfin biro da haƙori.
"Baba, sunanka?"

Na ce Nomau.
Na ce ki sa da Tankari, shi ya kwaɓa,
ya rasu shekarar ambaliya.
Ki sa da Ƴar Baka mai kawo mana fura,
in akwai wuri.
Wurin bai isa ba, ta juya bayan takarda.

Muna fita na ji saurayin
ya tara wasu sababbi:
"Haihuwa, aure, mutuwa."
Sabi'u ya ce in koma in gyara masa.
Na ce ƙyale shi.
A zauren nan aka raɗa wa ƴaƴan Jadi suna,
nan aka ɗaura musu aure,
ta nan muka fito da makararsa.
Bangon ya gani, ni shafe kawai na yi.

Tsayar mana da kabu-kabu,
la'asar ta kusa.