Layi na Goma Sha Bakwai

A shagon takin Kawu Barau, gindin gadar Kwangila,
inda tirela ke girgiza sikeli a kan kanta,
ni ce mai riƙe da bashi.
Ba ni na ci ba, ni dai nake rubutawa.

Manoma ɗari da tara suka ɗauki taki da damina,
daga Shika, daga Bomo, daga Dakace,
kowa ya ce sai kaka.
To ga kaka ta zo, masara ta bushe a jikin kara,
Kawu ya ce, "Lantana, tuna musu,
amma kada ki ci mutuncin kowa."

Na buɗe kwamfuta. Suna a gurbin farko,
yawan buhu a na biyu, abin da ya rage a na huɗu.
Lamba ba ta iya gaisuwa ba.
In ka aika wa dattijo dubu goma sha takwas tsirara,
marinsa ka yi.
Sai na zauna ɗinka mata riga.

Na fara da alamar daidai, sanda biyu a kwance
kamar layin dogo na Sabon Gari,
na buɗe ƙaho, na rubuta Malam, na rufe ƙaho,
sannan wata alama mai kama da ƙullin igiyar akuya,
ita ke ɗaure magana a jikin gurbi:

="Malam "&A2&", barka da kaka. Saura naira "&D2

Karon farko na manta sarari kafin ƙaho.
Ya fito MalamShekarau, a manne,
kamar fasinja biyu a gaban motar Giwa.
Na matsa musu, suka numfasa.
Kwanan wata kuwa, da na jawo shi cikin jimla
sai ya tuɓe, ya koma lamba biyar marar uwa marar uba,
sai da na lallashe shi da wata dabarar.

Na kama kusurwa, na ja ƙasa.
Jimla guda ta haifi ɗari da tara
kafin shayin Kawu ya huce.
Abin da ke cikin ƙaho ba ya motsi,
na cikin gurbi ne ke sauya fuska:
Malam Tanimu, Malam Dogara, Malam Cindo,
har da Malam Dije, mace mai gonar barkono.
Na yi dariya, na gyara mata.

Layi na goma sha bakwai ne ya tsayar da ni.
"Malam Nomau, barka da kaka. Saura naira 6500."
Tun ana noman biyu aka kai shi makwanci.
Ɗansa ya zo ya faɗa mana, da laka har idon sawu,
ni ce ban sami gurbin da zan sa mutuwa ba.
Na'ura ta gaishe shi lafiya lau,
ba ta san kakar bana ba da shi aka yi ba.

Na juya allon wajen Kawu.
Ya duba ta saman tabarau, ya daɗe.
Wata tirela ta wuce, sikeli ya yi rawa.
Ya ce, "Goge."
Na sa sifili.
Jimlar ta ce, "Saura naira 0," ko kunya babu,
tana nan tana yi masa barka.

Nan na cire alamar daidai, na kwance ƙulli,
na rubuta da yatsu, harafi bayan harafi,
ga ɗan, tunda uban ba ya karɓar saƙo:
babu bashi, Allah ya ji ƙan Malam.

Sauran ɗari da takwas suka tafi da la'asar.
Kafin magariba waya ta fara ƙara,
wani ya ce gobe, wani ya ce in ya sayar da wake,
Cindo ya ce lissafina ya ɗara nasa da ɗari biyar.
Na duba tsohon littafi.
Shi ke da gaskiya.