Lasifika a Kurna

Sun ba ni takarda da lasifika,
da riga mai tambari a baya,
suka ce, Barira, zaga Kurna,
ki gaya wa jama'a abin da duniya ta yanke.
Na hau a-daidaita-sahun Ɗantala,
mu huɗu a kujerar mutum uku,
gwiwata na gugar gwiwar wata,
na buɗe baki na ce a ba da tazara.

Taku biyu tsakanin mutum da mutum.
Wanda ya rubuta wannan, ina gaishe shi.
Da ma ya zo ya auna lungunmu,
inda mai kura in ya haɗu da mai akuya
sai ɗaya ya manne da bango.
Gidan hayarmu ɗaki goma sha ɗaya,
bayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya,
in Malam Cindo ya yi tari a ɗakinsa
daga kan tabarmarmu muke ce masa sannu.

Layi na biyu: a wanke hannu
da sabulu, a ruwa mai gudu.
Wani tsoho a gindin darbejiya ya ce,
'yar nan, ai namu ruwan ya gudu tuni,
famfon ya shekara bakwai yana azumi.
Aka yi dariya. Ni ma na yi
a cikin takunkumi, ba wanda ya gani.
Jarkar talatin ta koma saba'in.

Layi na uku ban so karanta shi ba.
A zauna a gida.
Inna Tasalla ta ɗago kai daga kaskon ƙosai,
matsami a hannu, mai yana ɗiga:
Gidan ne zai soya mini?
Cutarku baƙuwa ce, ta zo jiya,
yunwa kuwa da ita muka tare.
Na rage muryar lasifika.

Kada wani ya ce na ce ƙarya ce.
Talle mai haƙa a maƙabarta
sau biyu ya sake ƙotar digarsa a wata guda.
Ran wata Laraba bangonmu ya yi shiru,
muka saurara, muka saurara,
ba tarin da za mu ce wa sannu.
Mutum shida kawai suka raka shi,
shi da ya raka rabin unguwa.

Daren nan na juya bayan takardar,
wurin da ba a rubuta komai ba.
Da safe muka huda gindin tsohuwar jarka,
muka toshe da tsinke, muka rataye a zaure,
sabulun salo muka yanka takwas.
Sa'adu tela ya zazzage buhun ƙyallaye,
yanzu hancin kowa da zanen sallar bara.
Ɗakin da ke da taga muka bar wa tsofaffi,
samari suka kwana a tsakar gida
suna ƙirga taurari da sauro.
Inna ta zana da'ira da gawayi a gaban kasko,
huɗu suka samu, ta biyar ta faɗa kwata.

Ba taku biyu ba ne. Taku ɗaya ne da rabi,
iyakar abin da lungu ya yarda.

Yau Juma'a an turo fom daga ofis:
Gida nawa suka bi doka?
Gida nawa suka ƙi?
Akwati biyu ne kawai a takardar.
Na daɗe riƙe da biro
ina jin ɗigar jarka daga zaure,
ga Ɗantala a waje yana danna hon,
batirin lasifika kuma ya kusa mutuwa.