Tsallaken Apapa

Tafiyar minti ashirin a kwalekwalen Sewanu,
sai Ikko ta koma fitilu a bayan ruwa.
Can wuta ba ta barci,
nan acibalbal ke gadin dare.

Na zo gyaran inji ne, kwana biyu.
Ga damina ta uku tana dukan kwanon ɗakina.

Da Faransanci suke gaisuwa,
da Egun suke faɗa.
Tsohuwa Mawuto sai ta juya naira sefa a ka
kafin ta ce ta sallama.
Ni ɗan Dogondutsi da na gudu daga lakwal,
ban san guntun bokona na da rana ba
sai da na ce mata bonjur,
ta yi mini gyaran banda biyu.

Ruwa gabas, ruwa yamma,
na sha kuwa sai a jarka, daga tsallake.
Taswirar Mushe Akapo ta nuna Kwatano,
ba ta nuna inda yaran ke zaune ba.

Daren da naƙuda ta kama matar Sewanu
inji ya ƙi tashi.
Na hure fulogi, na ja igiya,
kowa na roƙon Allah da harshen uwarsa.
A ja na tara ya amsa.
Tsakiyar ruwa aka haife ta,
ba birni ba, ba tsibiri ba.

Yanzu tana rarrafowa shagona,
tana jan sifana cikin yashi.
Ina jira in ji
da wane harshe za ta fara kirana.