Ɗigo Uku

Mahaifina Eleuterio ya bar mini abu uku:
gida mai shuɗin kwano a kan tudun Valparaíso,
bashin mai kifi,
da aku mai suna Bizcocho
wanda ya iya tari irin nasa.

Shekara talatin yana sauke kaya a bakin teku,
yana dawowa da gishiri a gashin baki.
Tun daga matakala yake ƙwala kira:
“Griselda, ɗora ruwan shayi!”
Akun ya haddace, har da shaƙewar ƙarshe.

Ranar Talata muka binne shi, hazo ya rufe jirage.
Laraba da asuba, daga ɗakin girki:
“Griselda, ɗora ruwan shayi!”
Na ɗora.
Kofi biyu na jera kafin in tuna.

Daga nan ya fara fige kansa.
Koren gashi a kan katako, koren gashi a cikin kwanon ruwa,
ƙirji ya koma tsirara, ja, da ɗigon jini,
kamar kazar da ke jiran tukunya.
Na kunna masa rediyo. Na sayo madubi.
Na lulluɓe kejin da rigar sanyin marigayi,
ya yage hannun rigar,
ya koma kan fatarsa.

Likita Ilabaca, mai tabon cizon kyanwa a wuyan hannu,
ta ɗora shi a sikeli kamar albasa.
Ta nemi ƙwarƙwata, ta ɗebi jini, babu komai.
Ta ce, “Ciwon ba a fata yake ba.”
Ta rubuta maganin kwantar da hankali,
ɗigo uku a kan yankan ayaba, kowace safiya.
“Ba tsafi ba ne,” in ji ta. “Yana rage wuta, ba ya kashe ta.
Sauran aikin naki ne: zauna da shi, yi masa hira.”

A kantin magani na karanta sunan da ke jikin kwalbar.
Shi ne dai wanda ke aljihun jakata
tun watan da aka ba mahaifina gado a asibiti.
Na yi dariya har mai kantin ya ɗago kai.

Kullum ina miƙa ayabar ta tsakanin ƙarafa,
ina cewa: haɗiye, gobe ma rana ce.

Mako na biyar, ƙirji ya yi tsiro,
ƙananan ƙayoyi, sannan laushi, sannan kore.
Yana fasa gyaɗa. Yana barci da kai cikin fiffike.
Amma kiran ya ɗauke.
Asuba ta zo ta wuce,
sai kukan tsuntsayen teku
da ƙarar tsohon akwatin da igiya ke ja zuwa saman tudu.
Ba tari, ba shayi, ba Griselda.

Na tambayi likita: maganin ne ya haɗiye muryar?
Ta ce, “Wataƙila.
Wataƙila kuma ya gaji da zama mutum biyu.
Ban taɓa shiga cikin tsuntsu ba.
Kada dai ki yanke masa kwatsam.”

Ba zan ɓoye ba:
akwai daren da na riƙe kwalbar a kan magudanar ruwa,
murfi a buɗe, hannuna ya karkata.
Mako biyu kawai, na ce, babana zai dawo ɗakin girki.
Sai na ji motsin fiffike a cikin duhu.
Wa ya ba ni ikon sayen murya da fatar wani?
Na mayar da murfi. Na wanke fuska.

Yanzu ɗigo biyu ne, likita tana ragewa a hankali.
Na biya mai kifi rabin kuɗinsa.
Jiya da safe ina tsaye bakin taga,
ƙwayata a tafin hannu, ina jinkiri,
sai wata murya daga keji,
siririya, mai ɗan rawa, ba ta namiji ba:
“Haɗiye, gobe ma rana ce.”

Ban san haka nake magana ba.